Jijiyar Baba ta kumbura, ni kuma 'yar fari ce

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu da yawa a nan, wasu ma tare muke aiki. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Kuma tun yanzu in faɗa, ba taimakon kuɗi na zo nema ba, kar wani ya ce in turo lambar akawun.

Ni mace ce, ina aure a Birnin Kudu, ina koyarwa a firamare, yarana uku. Asalinmu daga wajen Sara ne a ƙasar Gwaram. Fulani ne mu amma irin waɗanda suka zauna, ga shanu ga gona, Fulatancin ma sai tsofaffi, ni in ban da gaisuwa da zagi ba abin da nake ji. Harshen ya tafi, amma kunyar tana nan daram. Ni ce 'yar fari a wajen Baba da Inna, wanda ya san gidan Fulani ya san abin da wannan yake nufi. Ana yaye ni aka miƙa wa Goggo, yayar Baba da ke aure a Sundimina, ita ta riƙe ni, mijinta ya sa ni boko. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, in zai yi zancena sai ya ce "ta Sundimina". Ba ya cin abinci ina wurin, ba ya haɗa ido da ni, in na gaishe shi bango yake amsa wa. Duk maganar da ke tsakanina da shi ta bakin Baffa take bi, wato ƙanensa da suke ciki ɗaya. In faɗa wa Baffa, Baffa ya kai, ya dawo min da amsa. Har maganar aurena haka aka yi ta.

Kar wani ya ɗauka ƙiyayya ce, wallahi ba ita ba ce. Lokacin haihuwata ta fari na sha wuya, aka kwantar da ni a asibiti. Daga baya masu jinya suka ba ni labarin wani dogon Bafulatani da ya wuni a gindin bishiya da sandarsa, bai tambayi kowa komai ba, bai ci ba bai sha ba, da aka fito aka ce an sauka lafiya sai ya kaɗe rigarsa ya kama hanyar tasha. Wannan shi ne Babana. A haka na san shi, a haka nake sonsa, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba sai bana.

Farkon damina jiri ya kwashe shi a kasuwar Sara ya faɗi, aka kawo shi asibiti nan Birnin Kudu. Aka ce hawan jini ne, muka ce da sauƙi, wa ya rage ba shi da shi. To wajen dubawa likita ya ɗora hannu a cikinsa, saman cibiya, na ga ya tsaya, ya sake dannawa, ya kira wani ma ya zo ya taɓa. Ashe akwai wani abu a wurin da yake harbawa kamar zuciya ta biyu. Inna daga baya ta ce ai ya daɗe da shi, in ya kwanta rigingine har rigarsa motsi take, su sun ɗauka ƙarfin jini ne irin na maza. Aka yi sikanin, aka ce mu wuce Kano a yi babban hoto. Muka tafi ni da shi da Baffa, ni a gaban mota su a baya.

Likitan da ya karanta hoton a Kano ɗan kudu ne, mutumin kirki, amma Hausarsa ba ta wuce sannu da yaya jiki ba. Ya tambaya wa ke jin Turanci a cikinmu, na ce ni. Ya ce to in zauna in riƙa fassara wa Baba. Ya jawo farar takarda ya fara zane, yana nuna cikin Baba, yana nuna wajen matsematsinsa, inda cinya ta haɗu da mara. Jama'a, ku auna da kanku. Mutumin da bai taɓa shan ruwa a gabana ba, yau ga shi ana nuna wannan wuri a jikinsa, ni kuma aka ce in buɗe baki in yi masa bayani. Kafin in ce komai Baba ya miƙe, ya gyara rawaninsa, ya ce da likita, "Abin da ɗan'uwana ya ji, na ji." Ya fita ya zauna a baranda. Na gaya wa likita al'adarmu ce, ya ce to a tabbata an gaya masa komai, don shi ne mai jikin.

Ga abin da likita ya faɗa, yadda na gane shi. Akwai babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya ta gangaro ta cikin ciki, ita ke raba wa ko'ina jini. Ta Baba ta yi rauni a wani wuri ta kumbura, kamar yadda tiyub ɗin keke yake yin ƙululu. Kullum ƙara girma take, ranar da ta fashe kuwa, ya ce da yawa ba sa kaiwa ƙofar asibiti. Tsaga ciki a gyara babban aiki ne, da shekarun Baba da yanayin zuciyarsa yana tsoron ba zai tashi ba. Amma akwai sabuwar hanya wadda ba a farke mutum. Ana ɗan yanka kaɗan ne a matsematsi, a zura wani bututu na yadi da siririyar waya, sitent suke ce masa, a naɗe yake, a bi da shi ta cikin jijiya ana kallo a talabijin har ya kai wurin, sai a buɗe shi. Jini ya koma bi ta cikin bututun, kumburin ya huta. Ya ce wasu cikin 'yan kwanaki suke tashi su taka da ƙafarsu. Wallahi da ya kai nan sai da na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji.

Sai ya ce amma. Ku kun san amma ɗin likita. Ya ce na Baba ba irin mai sauƙin ba ne, kumburin ya hau sama har inda jijiyoyin ƙoda da na hanji suka ɓalle. In aka sa bututun da aka saba sawa zai toshe su, ƙoda ta mutu. Dole sai an ƙera masa nasa na kansa a kan awon hotonsa, da 'yan ƙofofi daidai saitin kowace jijiya, kuma a waje ake ƙerawa, yana cin makonni, wani lokaci watanni. Aikin ma ya ce a saninsa sai an fita, ko Masar ko Indiya. Bai ɓoye min haɗarin ba, ƙoda tana iya taɓuwa, ƙafafu suna iya mutuwa, kuma ko an yi nasara sai an riƙa komawa hoto har ƙarshen rayuwa. Ya ce ba wanda zai fara ƙera komai sai mai jikin ya ji duk wannan da kunnensa ya ce ya yarda. Kafin nan kuma kar ya ɗaga abu mai nauyi, kar ya yi wasa da maganin hawan jini, ya bar taba.

Duk wannan na juya na faɗa wa Baffa, ɗaya bayan ɗaya, ban rage komai ba. Yana ta gyaɗa kai yana salati. Muka fito baranda, na tsaya daga nesa kamar yadda na saba, Baffa ya tsuguna kusa da Baba. Da kunnena na ji shi yana cewa likita ya ce iska ce ta taru a ciki, sai hawan jini, a rage gishiri a sha magani, shi ke nan. Baba ya ce Alhamdulillahi, dama shi ya san ba wani abu ba ne, a tashi a tafi kar dare ya yi, shanu ba kowa. Ina tsaye ina ji, bakina ya ƙi buɗuwa. Likita ya zo wucewa ya ga Baba yana murmushi, ya ce da ni da Turanci, babanki jarumi ne, kin ga yadda ya karɓi maganar. Na ce e.

Bayan mun dawo na samu Baffa na ce me ya sa ya yi haka. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya bar ni na gama, sannan ya tuna min da babban wansu da ya rasu ina ƙarama. Ya ce da ƙafarsa ya je asibiti, aka gaya masa hantarsa ta lalace, ya dawo gida ya juya fuskarsa bango bai ƙara cin abinci ba. A cewarsa ba ciwon ne ya kashe shi ba, jin sunan ciwon ne. Ya ce shi ya binne ɗan'uwa ɗaya da maganar likita, ba zai binne na biyu ba. Ya ce kuma in yi tunani, a ɗauki dattijo kamar Baba a kai shi wata uwa duniya, a tuɓe shi, wataƙila ma mata ne za su tsaya a kansa, in ya mutu a can a binne shi cikin baƙi, in ya rayu ya dawo a kan keken guragu ya tarar an sayar da garkensa kaf. Wai wanne ne gatan a ciki. Ya rufe da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma duk wanda ya kai wa Baba wannan magana wani abu ya same shi, to alhakin yana wuyansa har gaban Allah.

Na san wasu za su ce Baffa shanun yake hari. Ni ma zuciyata ta raya min haka, har na kwana biyu ba na gaishe shi. Amma tsakani da Allah ban yarda ba. Mutumin nan yana maganar hawaye na zuba a gemunsa, kuma nasa garken ya fi na Baba. Da mugu ne da abin ya zo min da sauƙi, sai in san da wa nake faɗa.

Na bi ta kowace ƙofa. Ƙannena maza biyu ne, na kira su na yi musu bayani, suka ce su ba za su tsallake maganar Baffa ba, ɗaya ma cewa ya yi Adda, wato Yaya, ke da kika yi boko komai sai kin mai da shi tashin hankali. Inna kuwa kunyarta gare ni ta fi ta Baba, ina fara magana ta ce in je in gaya wa uwata, tana nufin Goggo. Na je wajen Goggo, ta yi kuka ta share hawaye, ta ce maganar maza ce. Maigidana ya ce shi suruki ne, in ya shiga ya yi rashin kunya, sai dai ya raka ni. Ya tambayar min malamai biyu. Ɗaya ya ce haƙƙin Baba ne ya sani, ko don ya yi wasiyya ya nemi yafiyar mutane, kuma neman magani ba ya karo da tawakkali. Ɗayan ya ce in ana tsoron labarin zai karya shi babu laifi a sassauta. Na tashi da fatawa biyu a hannu, ban san wadda zan ɗauka ba.

Abin da ya fi ci min rai, tunda an ce masa iska ce, Baba bai fasa komai ba. Da kaka ta yi na je gida, na same shi a gona yana ɗaga damin dawa shi kaɗai yana azawa a amalanke, jijiyoyin wuyansa duk sun miƙe. Shi ke jan guga ya shayar da shanu, shi ke kayar da bijimi in za a yi masa allura. Maganin hawan jinin sai ranar da kansa ya yi ciwo yake sha, tabarsa kuma tana aljihu. Ina kallonsa yana nishi da damin nan, ni kaɗai a duk gonar na san abin da ke cikinsa, na koma bayan wata kuka na yi ta kuka kamar wadda aka aiko wa da mutuwa. Tun daga ranar in waya ta yi ƙara ina aji sai allin ya faɗi daga hannuna. Yarana na makaranta har sun gane, in ta yi ƙara sai su yi tsit suna kallona.

Sau ɗaya na gwada da kaina. Na ce yau ko sama da ƙasa za su haɗe sai na faɗa. Na same shi da hantsi a ƙofar ɗakinsa yana gyaran igiya, na durƙusa daga bayan zana na gaishe shi, ya ce a ce da baƙi sun zo lafiya. Na ce, "Baba, ina da magana." Sai ya ajiye igiyar, ya ɗauki sandarsa, ya ce bari ya duba wata saniya da ba ta da lafiya. Bai dawo gidan ba sai da ya tabbata na hau mota. Inna ta aiko min da saƙo ta bakin Goggo, wai ashe boko ya cinye min kunya har na fara tare ubana da magana, in ban bari ba za a yi da mu a rugage. Masu cewa in kira shi a waya, na kira, yana jin muryata yake miƙa wa na kusa da shi. Masu cewa in mai da shi wajen likita a samo wani ya fassara, na nema, Baffa ya ce ba inda za a ƙara kai shi, shi ma Baba ya ce mai lafiya ba ya zaryar asibiti.

Haka watanni suka tafi. Likitan na Kano ya ba ni lambarsa, Allah ya saka masa, lokaci lokaci yakan tambaye ni me Baba ya yanke. Kunya ta hana ni gaya masa gaskiya, sai in ce ana shawara. Har ya taɓa ce min hoton da aka yi ya fara tsufa, in aka ƙara jinkiri sai an sake wani, don awon jiya ba lallai ya yi daidai da na yau ba.

To abin da ya sa na rubuto yau. Shekaranjiya Goggo ta je Sara barka, ta dawo take ce min, a cikin hira kawai, wai Babanki tsufa ya fara kama shi, a zaune ta ga yana sallah. Na ce a zaune? Ta ce e, kwana biyu ke nan bayansa ya riƙe, ya ɗaure ƙugunsa tamau da tsohon rawani, har ya aika a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Ku gane, Baba mutum ne da sa ya taɓa taka masa ƙafa yatsa ya karye, bai ce wash ba, sai da aka ga takalmi ya ƙi shiga. In har ya yarda aka gan shi yana sallah a zaune, to abin da yake ji ba ƙarami ba ne.

Na kira likita nan take, wannan karon na gaya masa komai, har da cewa Baba bai san abin da ke jikinsa ba. Ya ce sabon ciwon baya ga mai irin wannan kumburi ba abin wasa ba ne, yana iya zama gajiyar aiki, yana kuma iya zama jijiyar ce ta fara sallamawa. Ya ce a kawo shi yanzu yanzu, kar a bari kowa ya danna masa ciki ko baya. Na ce to bututun fa, a fara ƙerawa mana. Ya ce in dai abin da yake tsoro ne, babu sauran lokacin jiran a ƙera komai, abin da ya rage sai tsaga ciki na gaggawa, wanda tun farko ya ce yana tsoron Baba ba zai tashi ba. Na tambaye shi, da mun fara tun ranar da ya faɗa fa? Ya ce kar in yi wa kaina wannan tambayar.

Na kira Baffa, ya ce gajiyar kaka ce, kowa a garin bayansa ciwo yake, in daina yi wa ubana fatan tsiya. Na roƙe shi ko ƙahon a hana, ya ce wannan zai duba.

Yanzu ga ni nan, gaba kura baya sayaki. Maigidana ya samo mota, ya ce gobe da sassafe mu tafi Sara, in na ce a ɗauko Baba zai tsaya min ko Baffa zai tsine masa. Amma Baba ba buhu ba ne da za a ɗauka a jefa a mota, ba zai shiga ba sai ya san dalili, kuma duk duniya ba mai gaya masa dalilin sai ni. In na keta kunyar nan na tsaya a gabansa na faɗa, me zan miƙa masa? Hanya mai sauƙin da aka ce akwai ta, wataƙila ta riga ta wuce mu. Sai in zama na tsorata shi a banza, na kai shi ya ƙare a kan teburin tiyata cikin baƙi, maganar Baffa ta tabbata a kaina har in mutu. In kuma na yi shiru, zai tafi yana zaton iska ce, bai yi sallama da kowa ba, bai san an taɓa samun wata dama an yanke masa hukunci a bayan idonsa ba. Ta ko'ina na duba ban ga inda Babana zai fita ba, kuma na kasa daina dubawa.

Likitocin da ke cikin zauren nan, don Allah ku gaya min gaskiya ba lallashi, akwai sauran abin yi ko in haƙura? Malamai, in na yi shiru ina da laifi wajen Allah? Ku kuma 'yan'uwana 'ya'yan fari, musamman na gidajen Fulani, ku nake so ku fi ba ni amsa. In shiga in faɗa masa, ko in bar shi da kwanciyar hankalinsa? In kun ce in shiga, wanda ya taɓa yi ya koya min da wace kalma ake farawa, don ni na kai shekara arba'in ban taɓa yi wa ubana magana ya tsaya ya ji ba.